Gemun Tsohuwa

Motar ta girmi 'yarsu da shekara biyu, shi ya sa a gidan ake ce mata Tsohuwa. A takarda fara ce, amma rana da ruwan sama sun mayar da ita launin madarar da ta kwana a buɗe. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, hon ɗinta kuwa kamar akuya mai mura. Malam ya saye ta hannu na biyu tun yana koyar da kimiyya a makarantar sakandaren da ke bayan layinsu. Shi ya yi ritaya, ita ba ta yi ba.

Matarsa mai ɗinki ce. Tun suna sabon aure yake kiranta Tela don tsokana, sunan ya bi ta har maƙwabta suka ɗauka, yaran layi suka ƙara masa Mama a gaba. Ɗakin ɗinkinta na kallon tsakar gida, kekenta a jikin taga, ta yadda in ta ɗaga kai daga kan allura sai idonta ya sauka a rumfar da ake ajiye mota. Shekara talatin da ɗoriya suna zaune lafiya, ba a taɓa jin kansu ba. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi: ita da yadi da almakashi, shi da littattafai da Tsohuwa. Bai san inda ake zura zare a keke ba, ita ma ba ta san inda ake zuba wa mota ruwa ba, kuma babu wanda abin ya taɓa damu.

'Yarsu ɗaya ce. Tun tana ƙarama take ɗaure wa 'yartsana ƙafa da ƙyallen ɗinki, aka riƙa ce mata Nas, ta girma kuwa ta zama nas ɗin gaske. Aure da aiki suka kai ta wani gari mai tafiyar awa huɗu, kuma a shekarar da ake wannan labari ta haifa musu jikarsu ta fari. Duk ƙarshen wata sai su cika but da kaya su kama hanya, su kwana biyu su dawo.

A shekarar ne mai ya yi tsada, ya kuma yi wuyar samu. Tsohuwa ba ta san an yi haka ba, shanta take yi kamar raƙumi ya dawo daga tafiya. Malam mutum ne mai son awo. Kullum za su tafi sai ya cika tanki har baki, in sun isa ya sake cikawa har baki, ya ga abin da hanya ta ci. Lita ashirin da bakwai zuwa, ashirin da bakwai dawowa. Ranar da ya ce wataƙila sai dai su koma zuwa sau ɗaya a wata biyu, Tela ta ci gaba da ɗinka 'yar rigar jaririya tana kallon yadda aka yanka ta daidai, ta san kafin wata biyu yarinyar ta fi ƙarfinta.

Kwana uku bayan nan ta ɗaga kai ta taga ta hango shi kwance a kan tabarma a gaban motar, ya tallafe kai da hannu, yana leƙen ƙarƙashinta kamar mai neman kaza. Ya daɗe a haka har ta fito.

"Malam, lafiya? Wani abu ne ya faɗa?"

"Iska nake kallo," ya ce.

"A ƙarƙashin mota?"

Ya tashi zaune ya kakkaɓe gwiwar hannu. Muryar aji ta dawo masa, wadda ta daɗe ba ta ji ba.

"Kin taɓa fitar da hannu ta taga muna gudu? In kika miƙe tafin hannu, me kike ji?"

"Kamar ana ture ni."

"In kika kwantar da shi fa?"

"Sai ya wuce sumul."

"To, Tsohuwa tafin hannu ce a miƙe. Dubi bakinta, a wangale. Dubi ƙarƙashin bamba, iska na shiga ta ci karo da ƙarafa da tayoyi da salansa, tana ta dambe da su. Rabin man da muke saya a kan babban titi, dambe da iska ake yi da shi. In na rage mata baki, na sa mata wani abu a ƙasan bamba da zai kore iskar gefe, za ta rage ci."

"Allah ya taimaka," ta ce, ta koma kan kekenta.

Washegari ya jawo wani tsohon kwanon rufi daga bayan ɗaki. Tun safe take jin ƙarar guduma har ta rasa jin ƙarar kekenta. Ana cikin haka ƙaninta ya shigo a kan babur. Mai walda ne, shagonsa na bakin kasuwa, kuma tun yana yaro shi da Malam ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Ya tsaya ya dubi kwanon da aka lanƙwasa ya koma kamar kunnen giwa, ya dubi yatsan Malam da aka naɗe da tsumma, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Farfesa, jirgin sama za a haɗa mana? Yaya, fito ki ga mijinki zai tashi sama ya bar ki!"

"Kai dai da ka iya lissafi da ba ka ƙare a hura wuta ba," in ji Malam.

"Ni dai wutata tana ciyar da ni. Wannan ƙarfen in ka ɗaura shi, ramin farko da kuka faɗa zai naɗe ya yanka taya. Ka ce ni na faɗa."

Tela tana jin su. Ba dariyar ƙaninta ce ta tayar da ita ba, yankan ne. Daga inda take zaune tana ganin gefen dama ya fi na hagu tsawo da kusan taƙi guda, layin da Malam ya ja da alli yana gabas, almakashin ƙarfe ya bi yamma. Mutumin da ya shekara talatin yana zana da'ira a allo da hannu ɗaya ba tare da ta karkace ba. Ta yi ƙoƙarin kau da kai ta kasa. Mai ɗinki ba ta iya kallon karkataccen yanka ta yi shiru. Ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta ɗauki allinta, ta fito.

"Malam, wa ya taɓa yanka yadi bai auna mai riga ba? Matsa."

Ta durƙusa a gaban Tsohuwa ta auna ta kamar yadda take auna amarya: daga kunnen bamba zuwa kunne, daga leɓe zuwa ƙasa, zagayen kwanar da ke gaban kowace taya. Tana faɗa yana rubutawa a bango da alli. Ta aika ƙaninta ya samo kwalin firji a shagon maƙwabcinsa, ta shimfiɗa a tsakar gida, ta zana rabi ɗaya kawai, ta ninka ta yanka, ya fito hagu da dama kamar tagwaye. Da ta kara shi a jikin bamba sai ya zauna ɗas, sai ɗan wurin kwana da ya yi baki. Ta tsaga wurin, ta ɗora gefe kan gefe ta kama da fil.

"Wannan kuma mene ne?" Malam ya tambaya.

"Haka ake yi wa riga a ƙirji in ana so ta bi jiki."

Ya daɗe yana kallon wurin. "Ashe ke ma kimiyyar kike yi a ɗakin nan ban sani ba."

"Da ka taɓa leƙowa da ka sani."

Maganar ƙarfe kuwa ta yarda da ƙaninta, ta ce a nemo abin da zai lanƙwasa in ya daki ƙasa ya dawo. Ita ce ta tuna da tsohon tankin ruwa na baƙar roba da ya tsage shekara biyu da suka wuce, yana nan a bayan kicin kaji na kwana a ciki. Mai Walda ya yanko musu dogon zobe daga cikinsa da zarto, yana yi yana mita, yana cewa in an kama shi yana wannan aiki sunansa ya ɓaci a kasuwa.

Sati biyu suka yi a kai. Da safe ta sallami masu ɗinki, da la'asar ta fito rumfa. Robar na da taurin kai, sai sun tafasa ruwa a babbar tukunya sun kwarara mata ta yi laushi, sannan su danna ta a jikin bamba, shi ya riƙe can ita ta riƙe nan, su tsaya a haka har ta huce ta ɗauki siffa. Riƙon nan ba ya son gaggawa, kuma mutum biyu ba sa durƙusawa kafaɗa da kafaɗa su yi shiru. A nan ta ji labarin da ba ta taɓa ji ba, cewa yana saurayi ya ci jarrabawar shiga makarantar injiniyoyi, mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya karɓi aikin koyarwa don ya zauna kusa da gida, da niyyar shekara ɗaya. Ita ma ta ba shi labarin rigar farko da ta ɗinka wa mutum, wadda ta haɗa hannun dama a hagu, mai rigar ta sa ta a haka ta je biki don kada ta kunyata ta. Ya yi dariya har robar ta kuɓuce masa, suka sake tafasa ruwa.

Da aka zo ɗaurawa, Malam ya kawo noti da ƙusa. Ta ce noti zai yaga roba in ta sha girgiza. Ta sa ƙusa a wuta ta huhhuda ramuka a jere, tazarar yatsa biyu biyu, ta karɓi wayar tagulla ta ɗinke robar da leɓen bamba, ɗinkin da take yi wa bakin jaka, kowane ɗauri da ƙullinsa. Ragowar robar suka yanka suka toshe fiye da rabin ragar gaba, inda iska ke shiga wurin injin. Da suka gama suka ja da baya. Ga Tsohuwa fara, da baƙin abu yana reto a haɓarta, saura taƙi ɗaya ya taɓa ƙasa.

Mai Walda ya zagaya ta sau biyu. "To, Allah ya nuna mana. Tsohuwa ta yi gemu."

Sunan da ya bi abin ke nan. Yaran layi in sun ga motar sai su riƙa shafa haɓa.

Malam ya ce saura gwaji, don ido ba ya ganin iska sai an ba ta abin da za ta kaɗa. Ya roƙi Tela jan zaren ulu. Ta yayyanka shi guntu-guntu, tsawon yatsa, suka manna da salatif a kan gemun da bonet da gefen tayoyi, har motar ta koma kamar mai ƙyanda. Ya ce inda zare ya kwanta lamo, iska na wucewa lafiya, inda yake rawa kuwa, nan ake dambe. Sai dai mai tuƙi ba ya ganin gaban motarsa, dole wani ya kalla daga waje.

Haka aka yi ranar wata Asabar da sassafe, a doguwar hanyar da ta bi bayan masaƙar da aka rufe, Tela mai shekara hamsin da huɗu ta hau bayan babur ɗin ƙaninta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, hannu ɗaya ta damƙe rigarsa, ta waiga baya tana kallon mijinta yana biye da su. Iska na cika mata baki tana ihu.

"Na tsakiya sun kwanta! Na dama sun kwanta! Na hagu wajen taya suna rawa!"

"Yaya, kunnena kike kashewa, ba ya jin ki!"

"To ka rage gudu mana, ɗan banza, so kake ka kayar da ni?"

Sau huɗu suka yi hanyar. A na ƙarshe ɗankwalinta ya tashi ya manne a gilashin Tsohuwa, Malam ya taka birki, su uku suka tsaya a bakin hanya suna dariya kamar yara, wani mai keke ya wuce yana waigensu. Ta daɗe ba ta yi irin dariyar nan ba, har haƙarƙarinta ya yi ciwo. Suka koma gida ta ƙara wa kwanar hagu ɗan yanki, zaren wurin ma ya kwanta.

Ƙarshen wata ya zo, suka cika tanki har baki suka kama hanya. Awa biyu na farko lafiya lau. Malam har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, yana cewa ta saurara ta ji yadda motar ta daina gurnani. Rana ta take, suka fara hawan dogon tudun da ke bayan wata gada, wata babbar mota a gabansu tana tafiyar hawainiya. Tela ta ji wani wari kamar an bar dutsen guga a kan yadi. Ta leƙa gaban sitiyari. Ba ta san mota ba, amma ta san ja ba alheri ba ne, kuma ga wata allura ta kwanta a cikin ja.

"Malam, wannan allurar ta hagu haka take zama?"

"Wacce?"

"Ga ta nan a gabanka."

Ya sunkuya, ya juya kansa gaba ɗaya kamar mai leƙen rami, sannan ya gan ta. Kafin ya gangara gefe tururi ya fara fita ta ƙarƙashin bonet.

Suka tsaya a ƙarƙashin wata bishiya mai inuwa, babu gida babu shago, sai gonaki da kukan tsuntsaye. Ya buɗe bonet ya ce kada ta matso, sai lagireto ya huce kafin a taɓa murfinsa. Laifinsa ne, in ji shi, sun toshe mata hanci da yawa, a hanyar masaƙa da sanyin safiya ba ta nuna ba, amma ga tudu ga rana. Tela ta buɗe jakarta ta ciro almakashin da ba ta tafiya sai da shi, ta durƙusa ta datse wayoyin da suka riƙe robar raga, ta cire yanki biyu na tsakiya ta bar na gefe. Sannan ta shimfiɗa mayafi a gindin bishiyar, ta fito da fulas ɗin shayi da burodi da dafaffen ƙwai. Ta zuba masa, ta miƙa masa kofin ta gefen hagunsa. Hannunta na nan a miƙe, tururi na tashi, bai karɓa ba. Yana kallon gabansa.

Ta dawo da kofin ta gabansa, ya ce, "Yauwa, sannu," ya karɓa.

Ta bar shi ya sha rabi.

"Malam, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Layin da ka ja a kwano ka kasa bi. Allurar da ke gabanka. Yanzu na miƙa maka shayi ta nan ba ka gani ba. Ni matarka ce, ba ɗalibarka ba. Tun yaushe?"

Ya juya kofin a hannunsa. Wata mota ta wuce, iskarta ta kaɗa ganyen da ke kansu.

"An kusa shekara," ya ce. "Idon hagun ne ya fara, daga gefe yake cinyewa, kamar ana jawo labule a hankali. Na je asibiti ranar da na ce miki zan je taron 'yan fansho. Likita ya ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa yake danne jijiya. Abin da ya tafi ya tafi, sauran ana iya riƙe shi da magani na wani lokaci. Maganin na cikin akwatin sifanu."

"Akwatin sifanu."

"Nan ne kaɗai ba kya buɗewa."

Ta so ta yi faɗa. Maganganu sun taru mata, na shekara guda da ya yi yana ɗauke da abu shi kaɗai, na ransu da ya ɗora a kan titi da rabin ido. Amma ta dube shi, ga baƙin mai a goshinsa, ga tabon kwano a yatsa, sai faɗan ya narke.

"Ya ce ka daina tuƙi?"

"Ya ce in fara shiri." Ya ajiye kofin. "Tela, in na ajiye makullin nan, wa zai kai ki wurin yarinyar nan? Na ce bari in lallaɓa, ko shekara ɗaya ce, ta yi wayo ta san fuskarmu. Da mai ya zo zai rage mana tafiyar, sai na ji kamar ana yanka mini ɗan abin da ya rage."

Ta tattara ɓawon ƙwai a tafin hannu, ta daɗe tana kallon motar da bakinta a buɗe.

"Da ƙafa nawa ake tuƙa ta?"

"Biyu."

"Shekara arba'in ina taka keke da ƙafa biyu, hannu na juya yadi, ido na kan allura, baki na ciniki da mai kaya. In mun koma ka koya mini."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ya sha shayinsa kafin ya huce. Da injin ya yi sanyi suka zuba ruwa suka ci gaba, a hankali, ita ce idonsa na hagu, tana faɗa masa mai babur, rami, akuya. Allurar ba ta ƙara barin tsakiya ba. A daren farko ba su gaya wa Nas ba, suka bar ta ta yi murnar zuwansu. Da safe Tela ta sa shi ya faɗa da bakinsa. Nas ta yi kuka, ta yi masa faɗan da uwarta ta haɗiye, ta karɓi takardar maganin ta karanta, ta ce daga yau ita za ta riƙa aiko da shi. Mijin Nas ne ya tuƙo su gida a Tsohuwa, ya koma a motar haya.

Koyon tuƙin a filin ƙwallon makarantar da Malam ya koyar aka yi shi, lokacin hutu. Satin farko Tsohuwa ta yi ta zabura tana mutuwa kamar jakin da aka tsikara. Malam, wanda ɗalibai suka sani da haƙuri, ya zama wani mutum dabam a kujerar gefe.

"Kuloci! Na ce kuloci! A hankali ake sakinsa, ba wurgi ake yi da shi ba!"

"In ka ƙara yi mini tsawa zan sauka in bar ka da gemunka a nan."

"To yi haƙuri. Taka kuloci, don Allah, ranki ya daɗe."

Ta taɓa gogar turken gola, ta taɓa shiga cikin shukar maigadin makarantar da baya. Amma ƙafarta ta san lallashin ƙarfe, kuma ranar da ta gane cewa kuloci da totur kamar feda da hannun keke ne, ɗaya na sauka ɗaya na ɗauka, daga ranar motar ba ta ƙara mutuwa a hannunta ba. Gemun ma ya zama malami na biyu, don in ta hau tudun rage gudu da gaggawa sai ya daki ƙasa ya yi ƙara, ta ji abin har cikin ranta, ɗinkinta ne. Wata uku ta karɓi lasin.

Tafiyarta ta farko zuwa wurin Nas awa biyar da rabi ta ɗauka. Ta riƙe sitiyari da hannu bibbiyu, ba ta wuce kowa ba sai wani mai amalanke. Da suka shiga garin Malam ya ce ta tsaya a gidan mai tukuna. Ya fita ya tsaya kan mai zubawa, ya ce a cika har baki, ya sa ta karanta masa lambar don shi ba ya ganinta sosai.

"Ashirin da uku da rabi," ta ce.

Ya sa ta sake faɗa. Sannan ya daki rufin motar da tafin hannu har mai zuba man ya firgita. "Lita uku da rabi! Kin ji? Uku da rabi!"

Da labari ya kai wa Mai Walda, cewa ya yi ba gemu ba ne, tafiyar kunkurun yayarsa ce, ko tanka aka ba ta a wannan gudun sai ta rage shan mai. Malam ya ce a kimiyyance yana da 'yar gaskiya, sai an cire gemun an sake gwadawa da direba ɗaya kafin a tabbatar. Tela ta ce duk wanda ya taɓa mata ɗinki sai ya gaya wa 'yan garinsu. Ba a taɓa yin gwajin ba, kuma gardamar ba ta taɓa mutuwa ba, duk haɗuwa sai an tayar da ita.

Shekara shida suka yi suna bin hanyar nan, ba su taɓa tsallake wata ba. Idon Malam ya ci gaba da rufewa a hankali har ya zama sai abin da ke gabansa tsaf yake gani, kamar mai leƙe ta bututu. Da rana yakan jawo kujera ya zauna a ɗakin ɗinki, wurin da a da bai taɓa zama ba, yana naɗe mata zare yana sa baki a hirar masu kawo kaya, har suka saba in ba su gan shi ba sai su tambaya. Jikarsu ta yi wayo, ta san su sarai. Ta ɗauka a duniya kakanni mata ne ke tuƙa mota, maza su zauna a gefe su riƙe fulas.

A shekara ta bakwai Malam ya kwanta, ciwon kwana tara, ya rasu a ɗakinsa da rana tsaka, Tela da Nas na gefensa. Bayan an share makoki Nas ta ce uwar ta tattara ta koma wurinsu, ga ɗaki nan a shirye. Tela ta ce tana da kayan mutane da ba ta gama ba, kuma kekenta bai san wata taga ba sai wannan.

"To Mama, ke kaɗai a hanyar nan? Awa biyar?"

"Huɗu da rabi nake yi yanzu."

"A bari mu riƙa zuwa mu."

"Ku da aiki? Ki dai gaya wa yarinyar nan ta tsaya a auna mata tsawo a faɗa mini a waya, na ga rigunanta sun ɗage."

Ƙarshen watan ta duba ruwa da baƙin mai da kanta, ta sa Mai Walda ya ƙara wa tayoyi iska, ta ɗora jakar sababbin riguna a kujerar gefe. Ƙaninta ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ta hannu tana fitowa da baya, yana cewa ta karya kan nan, ta karya kan can. Ta sauke gilashi ta ce masa ya matsa daga hanya, ta fi shi sanin faɗin ƙofar gidanta.